Wa Zai Yi Me Idan Ambaliya Ta Tara Jama'a a Sansani?

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta wa jama'a a dandali ko a ƙofar gidan dagaci, tun kafin damina ta yi nisa.

  

Ranar 10 ga watan Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa. Madatsar ruwa ta Alau ce ta ɓalle da dare. Ruwa ya shiga Kasuwar Monde, ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga babban asibitin koyarwa. Mutane wajen 400,000 suka bar gidajensu. Aka sake buɗe sansanin Bakasi wanda aka rufe tun 2021, aka kuma zuba jama'a a makarantu. Da watan Oktoba ya kama, gwamnatin jihar ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara.

Abin bai tsaya a birni ba. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gida. A ta 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Ƙauyukan bakin kogi da na fadama sun sha wahala ƙwarai.

Jama'a, fid da mutum daga ruwa aikin kwana ɗaya ne ko biyu. Amma zaman sansani yakan kai makonni, wani lokaci watanni. Mutum ɗari biyar a makarantar firamare guda, kowa na son ci da sha da wurin kwanciya da wurin kewayawa. A kan wannan zama ne jawabin yau zai yi magana: ayyukan da ke cikinsa, da irin mutumin da ya dace da kowane aiki.

Kowa ya san yadda abin yake idan ba a raba aiki ba. Mota ta iso da buhuna. Masu ƙarfi su yi caa a kanta. Tsohuwa da mai jego su koma hannu rabbana. Mutum ashirin suna kan rabon shinkafa, babu ko ɗaya a kan haƙa masai. Duk waɗannan mutane niyyarsu mai kyau ce. Abin da aka rasa shi ne wanda ya san aikinsa tun da wuri.

Gaskiya ne akwai hukumomi. Akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999. Jihohi suna da tasu, wato SEMA. Akwai ƙungiyar Red Cross, akwai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini. To amma idan ruwa ya yanke hanya, sai a yi kwana biyu ko uku ba su iso ba. Ko sun iso, ma'aikatansu kaɗan ne, kuma ba su san gida-gida ba. Mutanen gari ne za su riƙe sansani. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Aikin nan yana da ƙa'ida a rubuce. A 1994 'yan gudun hijira daga ƙasar Ruwanda suka kwarara garin Goma, a ƙasar da yanzu ake kira Kwango. Cikin wata guda kimanin mutum 50,000 suka mutu, yawancinsu da kwalara da atini. Abin ya girgiza ƙungiyoyin agaji na duniya. A 1997 suka haɗu suka fara tsara mafi ƙarancin abin da ya kamata kowane mai zaman sansani ya samu. Littafin da suka fitar ana kiransa Sphere. Yawancin alƙaluman da za a ambata nan gaba daga wannan ƙa'ida suke.

Na farko shi ne shugaban sansani. Ana son mutum mai haƙuri, wanda ake jin maganarsa, wanda ba a san shi da ɓangaranci ba. Ba sai mai digiri ba. Sau da yawa akan miƙa wannan aiki ga wanda ya fi kowa kuɗi ko wanda ya fi kusa da 'yan siyasa. Wannan kuskure ne, domin ranar da aka yi ƙorafi, talaka ba zai iya tunkararsa ba. Dagaci kuma uba ne, a bar shi a matsayinsa na mai sasantawa, kada a ɗora masa ƙirgar buhu. Shugaban sansani yana tara masu aiki kowace safiya, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya rasa. Shi ne mai magana da ƙaramar hukuma da baƙi masu kawo taimako. Ba ya riƙe makullin sito, ba ya riƙe kuɗi. Lalle a ba shi mataimakiya mace, domin mata da yara su ne suka fi yawa a sansani, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba.

Sai akawun rajista. Idan wannan aiki ya karkace, duk sauran sun karkace. Da lissafinsa ake sanin yawan abinci, da yawan ruwa, da yawan masai. Sharaɗinsa shi ne ya iya karatu da rubutu mai kyan gani, ya iya tarawa da ɗebewa har zuwa dubbai. Wanda ya gama ajin manya da kyau zai iya. Kayan aikinsa littafi mai layi, da biro biyu, da leda ta kare littafin daga ruwa.

Kowane gida layi ɗaya. A rubuta lamba, da sunan mai gida, da ƙauyen da suka fito, da yawan maza da mata. Sannan a ware yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da tsofaffi, da naƙasassu. Inda mace ce ke riƙe da gida, sunanta za a rubuta. Inda mutum ke da mata fiye da ɗaya, ya fi kyau kowace mace ta sami katinta ita da 'ya'yanta. Wannan yana kashe rigima tun ba ta tashi ba. Wanda ya tafi a soke shi, wanda aka haifa a ƙara shi, wanda ya rasu a rubuta ranar da abin da ya same shi. Littafin kuma amana ne, ba a baza shi kowa ya leƙa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada akawu tun yanzu. A ba shi gida goma a unguwa ya ƙirga mutanensu ya kawo jimla. Mai unguwa ya duba. Idan ya yi daidai, an sami akawu. A nemi biyu, namiji da mace, domin mace ce za ta shiga wurin mata.

Mai sito dabam, akawu dabam. Kada mutum ɗaya ya haɗa ayyukan nan biyu, ko da waliyyi ne. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. Mai sito yana bukatar amana da lissafi. Babu abin da zai shiga ko ya fita sai an rubuta, mutum biyu sun sa hannu ko sun dangwala. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun wata dattijuwa da jama'a suka zaɓa. Ya ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Ya iya karanta ranar lalacewa da ke jikin gwangwani da kwali. Kada ya haɗa abinci da fetur ko maganin ƙwari a ɗaki guda.

Ga misalin lissafin da ake so ya iya. Abincin mutum ɗaya a rana yakan kama kimanin giram 400 na hatsi, da ɗan wake, da mai, da gishiri. Buhu mai kilo 50 zai ci da mutum 125 a rana. Ke nan mutum 500 suna bukatar buhu 4 kullum. Idan buhu 20 ne a sito, abincin kwana 5 ke nan. Mai sito nagari zai faɗa wa shugaba haka tun ranar farko, ba sai tukunya ta bushe ba. Ranar rabo kuma a yi shi da rana tsaka, a gaban kowa, da mudu ɗaya. A faɗi abin da kowane gida zai samu kafin a fara. Layin tsofaffi da masu ciki da naƙasassu shi ne na farko.

Yanzu sai aikin da kowa ke gudu, wato ruwa da tsabta. Ba a ɗaukar hoton mai haƙa masai, ba a kiran sunansa a rediyo. Amma a sansani babu wanda ya kai shi ceton rai. Ruwan ambaliya yana kwaso abin da ke cikin masai ya zuba a rijiya. Rijiyar da aka sha shekara da shekaru lafiya lau, sai ta koma guba, alhali ruwanta garau yake a ido.

Wanda ya fi dacewa ya shugabanci wannan aiki shi ne malamin tsabta, wato duba-gari, na ƙaramar hukuma. Idan babu shi, a nemi mai haƙar rijiya da magini, domin sun san halin ƙasa. A haɗa su da matasa majiya ƙarfi da mata masu lura. Dole shugaban wannan ɓangare ya haddace waɗannan alƙaluma. Kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, domin sha da girki da wanka. Jarkar 'yan garuwa lita 20 take ci. Mutum 500 ke nan jarka 375 kullum. Kada wurin ɗibar ruwa ya wuce nisan mita 500.

Masai kuma, ɗaya ga mutum 20. A kwanakin farko ana iya farawa da ɗaya ga mutum 50, a riƙa ƙarawa. Mutum 500 sai a fara da 10, a kai su 25. Tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, wato taku 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare. Kada ramin ya kai ga ruwan ƙasa. Inda ƙasa ta jiƙe sosai, sai a tayar da tudu a gina a kai. Na mata dabam, na maza dabam, da ƙofa mai sakata ta ciki da fitila da dare. Idan masai ya yi nisa ko ya yi duhu, mata ba za su je ba, kuma laifin na wanda ya zaɓi wurin ne. A bakin kowane masai a ajiye buta da sabulu, in babu sabulu a sa toka. Kashin yara ma a kwashe a zuba a masai. Masu cewa kashin jariri ba ya cutarwa sun yi kuskure.

Maganin tsabtace ruwa, wato kulorin, sai wanda aka koya wa kuma ya iya karanta abin da ke jikin kwali. Ƙwayoyin girmansu ba ɗaya ba ne, kowace da yawan ruwan da take ɗauka. Idan ruwa ya yi dauɗa, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a sa magani. A jira minti 30 kafin a sha. A ajiye ruwan sha a jarka mai murfi, ba a randar da kowa ke tsoma moɗa ba.

Girki ba shi da wuyar samun gwanaye. Matan da ke dafa abincin biki da masu tuwon sayarwa sun san yadda ake ci da ɗaruruwa. Sharaɗin kawai shi ne lafiya da tsabta. Mai gudawa, ko mai tari, ko mai gyambo a hannu, ta huta har ta warke. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu. A raba abinci da zafinsa, kada ya wuce awa biyu a ajiye. Murhu ya yi nesa da wurin kwana. A tuna da kunu domin yara da tsofaffi marasa haƙora. Madarar gwangwani ta jarirai kuwa, ba a raba ta barkatai ko da an kawo ta kyauta. Idan aka dama ta da ruwa marar kyau, gudawa za ta kama jariri. A ƙara wa uwa abinci, ta ci gaba da ba da nono.

A ɓangaren lafiya akwai iyaka, kuma a kiyaye ta. Rubuta magani da yin allura da ƙarin ruwa aikin malamin asibiti ne ko nas. Karɓar haihuwa aikin ungozoma ce wadda ta sami horo. Ɗan sa-kai, kome ƙwazonsa, aikinsa uku ne: ya zaga ya gano marar lafiya, ya kai rahoto, ya ba da taimakon farko. Ya kamata ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari. Na cikin fakiti ya fi, a zuba shi yadda aka rubuta a jiki. Idan babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya-wata. A sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Ya san alamun haɗari. Babban mutum mai gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da shi kaɗai ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a sanar da asibiti nan take. Kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i. Yaro mai zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, a yi zaton ƙyanda. A cunkoso ƙyanda tana yaɗuwa kamar wutar daji, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke yi wa yara rigakafi daga wata 6 har zuwa shekara 15 a sansani. Akwai kuma ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, sai asibiti. Ko wadda ba ta yi karatu ba tana iya koyon wannan awo a zama ɗaya. Haka kuma a tambayi masu shan magani kullum, kamar masu hawan jini da ciwon suga da tarin fuka, ko ruwa ya tafi da maganinsu. Yanke shan irin wannan magani haɗari ne.

Mai kula da mata da yara ita ce dattijuwa mai riƙe sirri, wadda 'yan mata ba sa jin nauyin yi wa magana. Yaron da ya rabu da iyayensa, ita za ta karɓe shi, akawu ya rubuta sunansa da kamanninsa da inda aka tsince shi. Ba a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne, sai mai unguwarsu ya shaida. Ita za ta nemo wa mata ƙyalle da sabulu na al'ada, abin da maza masu rabo kan manta. Idan aka ci zarafin mace ko yarinya, a kai ta asibiti kafin kwana uku su cika, domin akwai maganin kariya da ba ya aiki bayan haka. Kuma ba a yayata maganarta.

Masu tsaro su kasance 'yan sintirin da gari ya sani. Aikinsu gadin ƙofa, da zagayen dare, da lura da wuta. Ba su da ikon duka ko yanke hukunci. Wanda aka kama sai a miƙa shi ga 'yan sanda. Su ne kuma za su ware wa dabbobi wuri nesa da rijiya, domin manomi ba zai yarda ya bar akuyarsa a baya ba. Mai shela kuma ɗaya tak ake so, wanda zai faɗi abin da shugaba ya tabbatar kawai. Idan akwai Fulani ko Barebari ko wasu baƙi, a sami mai jin harshensu ya maimaita.

Akwai sharuɗɗan da suka hau kan kowa, daga shugaba har mai shara. Kayan agaji kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ƙuri'a, ko ya nemi mace da lalata kafin ya ba ta rabonta, a cire shi a ranar, a kai ƙararsa. Ba a duba addini ko ƙabila ko jam'iyya. Ba a sa yaron da bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari ko gadin dare. A yi aiki bi da bi, domin wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, shi ne zai ɓata lissafi ko ya zagi tsohuwa. Wanda ya rasa ɗa ko mata a cikin ruwan, a bar shi da abin da ke damunsa, kada a ce dole sai ya yi aiki. Saboda haka kowane aiki a rubuta masa suna biyu.

Ina za a sami horo? Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon farko, kuma tana da rassa a jihohi. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana da malaman tsabta da za su iya nuna haƙa masai da sa kulorin. Dagaci yana iya rubuta takarda ta hannun hakimi a nemi a turo su. Kowace shekara kuma hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar lura da koguna, NIHSA, suna faɗin wuraren da ake jin tsoron ambaliya, ana kuma sanarwa a rediyo. Garin da ya ji sunan ƙaramar hukumarsa, ya tara mutanen nan su yi gwaji na yini ɗaya a makarantar da za a fake. A auna azuzuwa. Ƙa'ida ita ce murabba'in mita 3 da rabi ga kowane mutum. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8 na mutum 16 ne. Daga nan za a gane ko makarantar ta isa, ko sai an nemi wuri na biyu. A nuna inda za a haƙa masai, da ɗakin da zai zama sito. A rubuta sunaye da lambobin waya a takarda uku: ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin hedimasta, ɗaya a asibitin sha-ka-tafi.

Ranar tashi ma akwai aiki. Masu tsabta su cike ramukan masai, su ƙone shara, su wanke azuzuwa kafin yara su dawo karatu. Mai sito ya ƙirga abin da ya rage a gaban jama'a, a yanke shawarar inda za a kai shi. Akawu ya kwafi littafinsa, ya ba dagaci ɗaya, ya kai ɗaya ƙaramar hukuma a buga masa hatimi. Idan daga baya aka zo rabon iri ko kwanon rufi, da wannan littafi za a nemi sunayen mutane.

Allah ya ba da damina mai albarka.